Minista a Kan Minista

Samarin da ke zama a bencin rumfata suna jiran cajin waya sun sha ce mini, "Baba Ya'u, wai wankin hula ma sana'a ce? Ai ruwa ne da sabulu." Ba na musu da su. Nakan miƙa wa mai maganar hula da buroshi in ce bismilla. Na ƙarshen da ya karɓa, hula zanna ya tsoma a ruwan zafi, jan zare ya bi farin, ta fito kamar an yanka kaza a kanta. Sa'ar da aka ci, tawa ce. To yanzu da na iya riƙe alƙalami, bari in rubuta muku abin da baki ya gaji da faɗa.

Hular farko da na wanke, a Funtuwa ne, a rumfar maigidana Baba Tanko, kuma sai da na yi damina guda a wurinsa kafin ya bar ni in taɓa ta. Kafin nan aikina ɗebo ruwa da goge kawuna. Kai shi ne gungumen itacen da aka sassaƙa daidai kan mutum, wanda ake kifa wa hula bayan wanki don ta bushe da siffarta. Kowane da girmansa. In ka kifa hular ƙaramin kai a babba, ta buɗe ke nan har abada. Da ya ba ni hular, wata tsohuwar ƙube ce ta wani direba. Na jiƙa ta a ruwan sanyi, na bi bakinta da buroshi mai ƙarfi inda gumi da man kai ke taruwa, na bi jikinta da mai laushi don kada zare ya tashi. Na sa sitacin rogo, na kifa, na shanya. Da ta bushe Baba Tanko ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta yi ƙara kamar ƙwarya. Ya ce, "Madalla. Kai wa matar direban ta riƙa awon gero da ita." Sitaci ya yi yawa. Na sake daga farko.

Baba Tanko in ya sunsuna hula sai ya faɗa maka sana'ar mai ita: wannan mahauci ne, wannan mai sayar da fetur, wannan kuma sabon ango ne, ka ji turaren da ya zuba kamar ba gobe. Amma ni da shi babu wanda ya iya rubutu, saboda haka da zare muke alama. A cikin kowace hula mukan soka ɗan zare mu ƙulla. Launin zaren ya nuna garin mutum, yawan ƙullin ya nuna mutumin. Dokarsa ɗaya ce, kullum yana maimaita ta: "Ka ƙona hula, za a yafe maka. Ka ɓatar da ita, za a yi faɗa a shirya. Amma ranar da ka ɗora hular wani a kan wani, naɗe tabarmarka ka nemi wata sana'ar." Da ya yaye ni ya ba ni kawuna tara na itacen kirya, da dutsen guga na gawayi, da 'yar guduma ta bugu. Da su na dawo Malumfashi na kafa rumfa, kusa da Iliya mai gyaran babur. Iliya Kirista ne, ba ya sa hula sai ranar biki, amma ba wanda ya fi shi ba ni shawara a kan wankinta.

Shekarar da ta kusa tashina ba ta zo da gobara ko ɓarawo ba. Tsutsa ce ta ci auduga, masara kuma ta faɗi a kasuwa. Manomin da ba shi da kuɗin taki ba ya tunanin hularsa ta yi kari. A kan haka kuma sai hulunan inji suka cika kasuwa, waɗanda ake kira 'yan Caina. Ba ɗinki ba ne, zane ne aka buga a kan yadi, daga nesa sai ka rantse aikin hannu ne. Arharsu ta sa ba mai kawo su wanki. In ta yi datti a ba yaro, a sayi wata. Sai in wuni kawuna tara suna kallona tsirara, ina kallonsu. Ladi mai ƙosai, wadda ke suya a tsallaken titi, ta fara zuwa tana shafa su.

"Malam Ya'u, kiryar nan fa za ta yi wuta. Ɗaya sai ya kai ni kwana biyu."

Na ce mata ta bari sai bayan Salla. In abin bai canja ba, ta zo ta kwashe, ni kuma in koma lodin buhu. Da gaske nake, kuma ita ma ta sani, don kullum in za ta wuce sai ta ƙirga su.

Wata Talata da hantsi wata farar mota ta tsaya, wani dattijo ɗan Caina ya fito, gajere, mai furfura, sanye da kaftani da hula. Direbansa na biye. Ya yi sallama, ya cire hular ya miƙo mini. Irin samfurin nan ne da muke kira minista, amma ta inji. Na juya ta, na dubi Iliya, na yi magana ba tare da na rage murya ba, don a zatona baƙon ba ya ji.

"Injiniya, ka gani ko? Minista 'yar Caina. Ba asali, ba nauyi. Daga nesa kamar gaske, ka matso ka ga fenti ne. Irin wannan ba a wahalar gyara ta, amfani ake yi da ita a jefar."

Iliya ya taka mini ƙafa da takalminsa mai baƙin mai. Direban ya zaro ido kamar ya haɗiyi ƙashi. Shi kuwa dattijon sai ya gyara tabarau ya ce da Hausa, a hankali, "Malam, kai ma kana karanta jaridun ƙasarmu? Haka suka rubuta. Har da a jefar ɗin."

Ashe mutumin Minista ake ce masa daga Funtuwa har Malumfashi, ni kaɗai ban sani ba. Yana da sito a Funtuwa inda yake sayen waken suya, kuma a wurin masu lodi da rediyo ya koyi Hausa. Matsalarsa ɗaya, ba ya raba "ya" da "ta", komai ɗaya ne a kunnensa. Na yi ta rantsuwa hula nake nufi. Iliya ya kwanta a kan babur yana dariya yana cewa, "Sarkin kawuna, yau ka wanke minista ba ruwa ba sabulu!" Da dattijon ya gane akwai hular da ke da suna irin nasa, ya yi dariya har sai da ya cire tabarau, sannan ya zauna a bencin nan da kuke zama.

Awon kansa na yi da igiya, shi kuma yana ba ni labari. Ya ce shi bai taɓa zama a Caina ba. Kakansa ne ya tashi daga can ya sauka a wata ƙasa ta bakin teku, ya buɗe kanti. A ƙasar, mutanensu tsiraru ne. Shi malamin lissafi ne a makaranta, unguwarsu ta tura shi kansila saboda ya iya rubuta koke, daga nan majalisa, daga nan aka yi haɗaka tsakanin jam'iyyarsu da ta masu rinjaye aka ba shi minista na kasuwanni. Ranar rantsarwa ya sa baƙar hula irin ta masu rinjayen, don girmamawa, aka ɗauki hoto.

"Mutanena suka ce na sayar da kaina. Waɗancan suka ce hula tasu ce, amma kan da ke ciki baƙo ne. Na gina kasuwa, na gyara ma'auni, ba wanda ya tuna. Hoton hula kawai. Da zaɓe ya zo, har mai yi mini aski bai zaɓe ni ba."

Iliya ya ce, "Shi ya sa ka koma wake?"

Ya ce, "Wake ba ya tambayar asalinka."

Amma manoma suna tambaya. Abin da ya kawo shi ke nan. Ya je Dayi ya zauna da ƙungiyar manoma yana neman su riƙa sayar masa kai tsaye, suka saurare shi, suka ba shi ruwa, suka sallame shi. Daga baya direba ya ji abin da aka ce bayan tashinsu: wanda hularsa fenti ce, sikelinsa ma fenti ne. Sun yarda su sake zama ranar Alhamis. Yana son hula ta gaske.

A cikin akwatin ƙarfena akwai wata minista ɗinkin hannu, ruwan toka da ja mai duhu, ta wani dillalin shanu da ya rasu. 'Ya'yansa sun ce in yi yadda na so da ita. Alamarta baƙin zare, ƙulli biyu. Na lalubo, na ji ƙulli biyu a yatsa, na ɗauko. Kan Minista kuwa faɗi gare shi ta ƙeya, duk kawuna taran ba wanda ya yi daidai. Na ɗauki mafi girma na naɗa masa tsumma har igiyar awo ta cika, na jiƙa hular na ja ta a hankali ta zauna. Kwana biyu ina lallaɓa ta. Na goge ta da ƙyalle a sama don kada wuta ta taɓa zaren, na bi ta da guduma har ta ɗauki ƙyalli.

Da safiyar Alhamis ya zo, na koya masa sawa. Na ce kada ya turo ta gaban goshi, wannan na 'yan tasha ne. Kada ya tura ta ƙeya, wannan na mai zuwa zance ne. Kada ya karkata ta gefe, wannan na ɗan siyasar da ya ci zaɓe ne.

Ya ce, "Wanda ya faɗi fa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, shi a aljihu yake sa tasa."

Ya daidaita ta tsaf a tsakiya, ya shiga mota suka tafi.

Ko rabin sa'a ba a yi ba na buɗe akwati don in ɗauko hular Alhaji Haladu in sa mata sitaci. Alhaji Haladu shi ne shugaban ƙungiyar manoman Dayi, mutumin da Minista zai zauna a gabansa. Ya kawo tasa tun makon da ya wuce, ita ma minista, ruwan toka da ja, baƙin zare, ƙulli uku. Na ɗauko wadda ke cikin akwatin na duba zarenta a hasken rana. Ƙulli biyu. Hular marigayi ce a hannuna. Ashe wadda na ba Minista ƙullinta na uku ne ya lafe cikin tsohon sitaci, yatsa bai ji shi ba.

Ku fahimci girman abin. Hular nan yayar Alhaji Haladu ce ta ɗinka masa ita a Kafur, rani guda tana kanta. Ya san kowane zare. Kuma Alhaji mutum ne da in ya yi magana a Dayi da safe, kafin motar haya ta isa Funtuwa maganar ta riga ta. Na ɗaga kai, sai ga Ladi a tsallaken titi tana juya ƙosai tana kallon kawuna.

Na ce, "Injiniya, ta da babur."

"Wanne? Duk na mutane ne."

"Wanda ya fi gudu."

Na ƙunshe hular marigayi a leda na hau baya. Duk tsawon hanya Iliya yana wa'azi. "Shekara nawa ina ce maka ka koyi rubutu? Sai ka ce zare ba ya ƙarya. To ga zare!" Ni dai ina riƙe da leda da hannu ɗaya, da rigarsa da ɗayan.

Mun makara. Mun same su a gindin ɗorawa, manoma a kan tabarmi, Minista a kujera yana bayani a kan sikeli. Ba mai sauraronsa. Alhaji Haladu, da wata tsohuwar hula a kansa, ya ƙura wa kan baƙon ido, sauran kuma suna kallon Alhaji. Muna tsayawa ya katse shi.

"Baƙo, dakata. Hular nan ta yi maka kyau ƙwarai. A ina aka samo?"

Minista ya dubi Alhaji. Ya juyo ya gan ni ina haki, da leda a hannu mai siffar hula. Ya sake duban Alhaji. Wallahi bai fi ƙiftawar ido uku ba. Sai ya miƙe, ya sa hannu biyu ya cire hular, ya riƙe ta kamar ƙwaryar nono.

"Alhaji, taka ce. Na je wurin mai wanki na ce, a ƙasar nan kan wa ya fi ɗaukar nauyin jama'a? Ya nuna mini wannan. Na ce ba ni in ɗauka safiya ɗaya in ji nauyin kafin in zo in yi magana da mai ita. Ya ce dokar sana'arsa ta hana. Ni kuwa tsohon minista ne, ban saba a hana ni ba. Ga shi can, ya biyo ni a babur." Ya miƙa hular. "Na ji nauyin. Ta fi ƙarfina."

Wurin ya ɗauki "Kai! Kai!" Wani dattijo ya ce, "Wannan ɗan Caina ne ko maroƙi?" Alhaji Haladu bai yi dariya ba. Ya karɓi hularsa, ya cire tsohuwar da ke kansa, ya sa wannan. Sai ta zarce, ta wuce goshi, ta wuce gira, ta tsaya a kan kunnuwa. Kwana biyu fa na yi ina buɗa ta. Ya zauna haka, ba a ganin idonsa, sai gemu. Manoma suka yi ta kokawa da dariya, ɗaya ya tashi ya koma bayan ɗorawa. Daga cikin hular muka ji muryar Alhaji.

"Ta ƙi ni. Hular da ta ɗanɗani kan minista ba ta komawa kan manomi." Ya cire ta ya mayar wa baƙon. "Riƙe. In yayata ta tambaya, na ce tana gwamnati. Yanzu kawo sikelin naka mu gwada shi da dutsenmu na awo."

Suka gwada, ya yi daidai, aka yi ciniki. Da za a tashi Alhaji ya ɗaga murya ya ce mai wankin da zai bi hula tun daga Malumfashi har Dayi, shi ne mai wanki. Sannan ya yafuto ni gefe. Na durƙusa na ce, "Alhaji, ba haka aka yi ba. Kuskurena ne."

Ya ce, "Na sani tun kafin ka sauka daga babur. Baƙonka ya iya ɗinkin magana, na saya don ya yi kyau. Nawa ne ƙullina?"

"Uku, Alhaji."

"To daga yau ba ni da ƙulli, suna gare ni. Ran da ka iya rubuta shi, zan manta da yau. Kafin nan ina tune."

Mako bai zagayo ba hulunan Dayi suka fara zuwa, na Salla da na Juma'a, wasu ma sun shekara a ƙasan akwati. Na Kafur suka biyo baya. Kawuna tara suka kasa, har layi ake yi musu. Ladi ta tsallako ta tsaya ta dube su duk a rufe, ta ce, "Wato dai ba rabona." Na ce ta kawo hular mijinta, kyauta.

Da Minista ya kawo hular wanki na farko na tambaye shi yadda aka yi ya shirya magana da sauri haka. Ya ce, "Malam Ya'u, aikina ke nan duk shekarun da na yi a gwamnati. Wani ya yi kuskure, ni in miƙe in ce dama haka aka tsara."

Iliya ya leƙo daga ƙarƙashin babur ya ce, "To da wannan baiwar yaya aka yi ka faɗi?"

Ya ce, "Ranar da kuskuren ya zama nawa, ba wanda ya miƙe."

Haka na shiga ajin manya na koyon rubutu. Muna yinsa bayan la'asar, a makarantar firamare, a kan kujerun da gwiwa ba ta shiga ƙarƙashin teburinsu. Ban yi sauri ba. Harafin "h" da "n" sun daɗe suna yi mini abin da ƙulli biyu da uku suka yi. Amma wanda ya yi damina guda yana goge itace ba ya gajiya da allo. Ranar da na rubuta Alhaji Haladu a 'yar takarda na maƙala a cikin hularsa, ya karanta, ya juya ta, ya ce, "Me ma ya faru a Dayi? Na manta."

Kawuna yanzu goma ne. Na goman mai sassaƙa turmi ne ya yi mini shi da igiyar awon nan, mai faɗin ƙeya, kuma mutum ɗaya ne a duk ƙasar nan hularsa ke zama a kai. Kan nan ne kuke ɗora wa wayoyinku a ƙarshen benci. Takardar da nake maƙala wa hular mutumin kalma ɗaya ce na rubuta sau biyu, ta sama sunan mai ita, ta ƙasa sunan hular.

Wanda har yanzu yake ganin ruwa ne da sabulu, ga buroshi nan a rataye. Sai dai ya zo da hularsa, don tawa an riga an yanka mata kaza.